Rubutaccen shirin wannan mako: Wata shidan IT da maganar "a buga mini hatimi kawai"

 Ga masu ƙarancin data da waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba. Na ɗan rage tari da "eh to" ɗin da suka yi yawa, sauran duk yadda na faɗa ne.

Yau maganar IT za mu yi, wato SIWES. Abin da ya jawo ta kuwa, wani ƙanena ne da ke aji uku a jami'a ya kira ni kwanakin baya. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, don Allah ba ka san wani wuri da za su buga mini hatimi kawai ba? Ni wallahi wata shidan nan so nake na ɗan huta, na taɓa 'yar sana'ata." Na yi dariya, don ni ma a lokacina saura ƙiris na yi hakan. Na ce masa ya bari zan ba shi amsa a shiri, sauran 'yan'uwansa ma su ji.

Bari mu fara da asalin abin, don da yawa ana tura su ne ba tare da an taɓa gaya musu dalili ba. A 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon, gwamnati ta kafa hukumar ITF, asusun da ke kula da horar da ma'aikatan masana'antu. Hedikwatarta tana Jos har yau. A wancan lokacin masu kamfanoni suna ta ƙorafi cewa yaran da ke fitowa daga jami'a da kwalejin fasaha sun san littafi amma ba su san inji ba. Mutum ya zo da takardar injiniya, a kai shi gaban na'ura ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa, sai an sake koya masa daga farko. Wannan ne ya sa a 1973 ITF ta fito da tsarin SIWES: kafin ɗalibi ya gama karatu, a cire shi daga aji na wasu watanni a kai shi inda ake yin aikin da yake karantawa. Da farko ITF ce ke ɗaukar nauyin komai. Da ɗalibai suka yi yawa kuɗi ya gagara sai ta janye a 1978, aka miƙa wa NUC da NBTE, daga baya a 1984 aka sake mayar mata, gwamnatin tarayya na bayar da kuɗin. To kun ga ƙorafin da aka yi shekara hamsin da suka wuce, shi ne dai masu ɗaukar aiki ke yi yau.

Tsawon lokacin ya danganta da makaranta. A jami'a galibi wata shida ne, a zango na biyu na aji uku ga masu karatun shekara huɗu, ko aji huɗu ga masu shekara biyar kamar 'yan injiniya. A foliteknik wata huɗu ne bayan shekarar farko ta ND, sannan akwai shekara guda cur da ake yi bayan ND kafin a koma HND. Ba kowane kwas ke yi ba. An fi samunsa a injiniya, kimiyya, kwamfuta, aikin gona, zanen gini da makamantansu. Masu koyon malanta suna da nasu TP ɗin, wannan maganarsa daban.

Hannu uku ne a cikin abin, kuma idan ka gane wannan ka huta da rabin wahalar. Akwai makarantarka, ita ke ba ka wasiƙar neman wuri da logbuk, ita kuma ke turo malami ya duba ka. Akwai wurin da ya karɓe ka, shi zai haɗa ka da wani ma'aikaci ya zama mai kula da kai. Sannan akwai ITF, wadda ke son ta san cewa lallai ka fara, kuma a ina kake. Shi ya sa a makonnin farko akwai fom ɗin fara aiki da za ka cike, wurin aikinka su sa hannu, ka kai ofishin ITF mafi kusa da inda kake. A ƙarshe kuma akwai Fom 8, wanda kai da wurin aikin da makaranta kowa yake da ɓangaren da zai cike. Ka dawo makaranta ka rubuta rahoto, ka tsaya gaban malamai ka kare shi. A jami'o'i da yawa yunit shida ne, wasu ma sun fi haka. Kenan kamar kwas biyu ne ko uku a dunƙule. Wanda CGPA ɗinsa ke rawa a bakin layi, wannan makin kaɗai zai iya ɗaga shi ko ya jefa shi ƙasa.

To yanzu mu zo inda gizo ke saƙar: samun wuri.

Wasiƙar da makaranta ke ba ka ba ta ba ka gurbi ba, izinin nema kawai ta ba ka. Kai za ka ɗauki ƙafa ka bi ofis-ofis. Kuma gaskiya lissafin bai zo daidai ba. Lokacin da aka tsara SIWES jami'o'in ƙasar nan ba su kai goma ba, masana'antu kuma suna tashe. Yau jami'o'i sun haura ɗari biyu, ban da foliteknik da kwalejoji. Ka shiga Bompai ko Sharada ko Challawa a Kano ka ƙirga ƙofofin da ke rufe da kwaɗo, ko ka je Kakuri a Kaduna ka tambayi dattawa yadda masaƙu suke a da. Ɗalibai sun ninka, wuraren koyo sun ragu. Shi ya sa za ka ga mutum talatin an tura su ɗakin gwaje-gwaje guda mai na'ura biyu, ana yi musu rabon kwana, wannan Litinin da Talata, wancan Laraba da Alhamis. Shi ya sa kuma wasu wuraren har kuɗi suke karɓa kafin su ɗauke ka, abin da ba haka tsarin ya ce ba, amma ya zama ruwan dare.

Ni lantarki na karanta. Da lokacinmu ya zo, kowa a ajinmu babban suna yake nema. Wanda ya samu kamfanin mai ko na sadarwa ko wata babbar hukuma a Abuja, har tafiyarsa canjawa take. Ni ma wani kawuna ya yi mini hanya na samu wata babbar ma'aikata, bene mai hawa-hawa, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga katin shaida ana ratayawa a wuya. Ranar farko na ɗauki hoto na tura gida. Aka kai ni wani ofis aka nuna mini kujera a bayan ƙofa. Jama'a, mako biyar na yi a kan kujerar nan. Aikina uku ne: ɗaukar fayil daga hawa na biyu zuwa na huɗu, yin fotokwafi, da sayo wa oga abinci da rana. Na zama gwani a sanin wace mai abinci ce ta fi zuba nama. Injiniyoyin wurin mutanen kirki ne, ba wanda ya wulaƙanta ni, amma duk aikin gaske 'yan kwangila ake ba wa, su takarda kawai suke sa wa hannu. Ran Juma'a idan na zo cike logbuk sai na rasa abin rubutawa. Na rubuta "lura da yadda ake aiki" har sai da kunya ta kama ni.

Abin da ya farkar da ni, wata rana famfon rijiyar burtsatsen gidanmu ya ƙone, sumo ɗin nan. Aka ce ai ga injiniya a gida. Na tsaya ina zare ido. Ƙarshe dai ni na ɗauka na kai wa wani dattijo mai naɗin koyil a wani lungu, shago ɗaya da rumfar kwano, ƙasa duk baƙin mai. Ina tsaye ya buɗe, ya sansana, ya ɗora mita, cikin minti biyar ya gaya mini abin da ya kashe shi: wuta ce ta yi ƙasa sosai, injin ya yi ta ja har wayar ta gasu. Ya yi bayanin da malaminmu ya yi zango guda yana yi a allo, shi kuma ko sakandare bai gama ba. Na ce, "Baba, kuna ɗaukar 'yan IT?" Ya dube ni daga takalmi zuwa katin wuyana, ya ce, "Ɗan nan, da wannan farar rigar?"

Ban tashi kawai na koma can ba, kuma ku riƙe wannan. Idan za ka canja wuri, sai ka sanar da mai kula da SIWES na makarantarku, a rubuce, ka kai sabuwar takardar karɓa, a gyara adireshinka. In ba haka ba, ranar da malami ya zo duba ka a tsohon wuri aka ce ba a ganinka, ya rubuta ba ka nan, shikenan ka shiga uku. Ni sai da na yi zarya sau biyu kafin a yarda, don sun so su tabbatar wurin yana da rajista da hatimi kuma aikin ya dace da kwas ɗina. Da ya ke dattijon yana karɓar gyara daga kamfanonin niƙa da na ruwan leda, yana da takardunsa, aka amince.

Makon farko a wurin Baba, tsohuwar waya kawai nake cirewa daga cikin injinan da suka ƙone. Hannuna ya yi kanta, yaran shagon suna kirana "Injiniya" suna dariya. Amma ko a cire wayar akwai karatu. Kafin ka yanke komai sai ka ƙirga ramuka nawa ne, kowane koyil zagaye nawa aka yi masa, kaurin wayar lamba nawa ne, ka rubuta a kwali. Ka yi kuskuren ƙirga ɗaya, ka naɗa, ka zuba banish, ka gasa, ka haɗa, injin ya tashi yana zafi kamar murhu, wayar jan ƙarfe ta dubban nairori ta tafi a banza. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da ya ajiye mini injin layi uku ya ce na haɗa masa sta da delta. Wallahi na zana wannan abin a jarrabawa na ci maki. Na san cewa idan ka tayar da inji a sta, wutar da zai ja a farko kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda zai ja a delta. Amma ga bakin waya shida a gabana, alamominsu duk sun goge, ban san wanne ne farkon koyil wanne ne ƙarshensa ba. A littafi kullum a rubuce suke, U1, V1, W1. Baba ya bar ni na yi gumi na kusan awa ɗaya, sannan ya zo da mita da ɗan batir ya nuna mini yadda ake gano su. Daga baya kuma shi ya riƙa tambayata lissafi. Ya ce shekara talatin yana yin abin, ya san yana aiki, amma bai san dalilin kashi ɗaya cikin ukun ba. Na zana masa a bayan kwalin siminti. Tun daga ranar yaran suka rage dariya.

Ba ina cewa kowa ya guji babban kamfani ba ne, a'a. Akwai abokaina da suka je manyan wurare suka koyi abin da ba za a taɓa gani a lungu ba, tsarin kiyaye haɗari, manyan na'urori, yadda ake rubuta rahoton aiki. In ka samu irin wannan, riƙe da hannu biyu. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka yi murna da sunan wuri, ka tambaya: wa za a haɗa ni da shi, kuma me yake yi da hannunsa daga safe zuwa yamma? In za ka iya, nemi wanda ya yi IT a wurin bara ka tambaye shi. 'Yan ajin gaba da ku sun san komai, sun san inda ake koyo da inda ake zaman kashe wando. Kuma a fara nema da wuri, tun zangon da ya gabata, ba sai an raba wasiƙa kowa ya fita rana ɗaya ba. Ka je da ƙafarka. Wasiƙar da aka bari a hannun maigadi, yawanci a nan take kwana.

Sai logbuk. Mutane suna ɗaukarsa kamar wahala ce kawai, su bari sai saura kwana uku su zauna su cike wata shida da biro ɗaya. Malaman da ke dubawa ba yara ba ne, rubutun da aka yi a zama ɗaya ana gane shi. Tsarin shi ne ka rubuta abin da ka yi kullum, a ƙarshen mako ka taƙaita, ka yi zane in akwai, mai kula da kai ya sa hannu. Shawarata, ka riƙe wani ƙaramin littafi daban a aljihu. Sunan na'ura, lambarta, matsalar da ta zo da ita, yadda aka gano, abin da aka canja, har kuskuren da ka yi. Ka ɗauki hoto in an ba ka izini, don wasu wuraren ba sa yarda, kuma kar ka kuskura ka ɗora sirrin wurin aikin mutane a TikTok. Wannan ɗan littafin shi zai zama rahotonka, shi zai cece ka ranar kare rahoto, kuma ni daga cikinsa na samo abin da na yi furojet ɗina na ƙarshe a kai.

Maganar kuɗi kuma, kar na yaudare ku. Alawus ɗin da gwamnati ke biya ta hannun ITF ya yi shekara da shekaru yana naira 2,500 a wata, wato 15,000 a wata shida. Ku da kanku kun san kwana nawa wannan zai yi a kuɗin adaidaita sahu. Kuma ba a lokacin yake zuwa ba, ni na riga na manta da shi ma sannan na ga alat. Wasu ba sa samu gaba ɗaya saboda an yi kuskure a suna ko lambar asusu a jerin da makaranta ta tura, don haka ka duba da idonka, kuma asusun ya zama naka, da sunanka. Wasu kamfanonin suna ba da ɗan wani abu daga aljihunsu, wasu ko ruwa. Saboda haka lissafin kuɗin mota da masauki yana cikin zaɓen wuri. Wanda ya tafi Legas ko Abuja ba shi da wurin kwana, wata biyu zai yi ya fara fashi. Wuri matsakaici da za ka iya zuwa kullum ya fi babban wurin da za ka riƙa leƙawa sau ɗaya a mako.

'Yan'uwa mata, ku naku ya ɗan fi nauyi, na sani. Wata iyaye ba za su bari ta bar gari ba, wata kuma an karɓe ta amma an ajiye ta a teburin karɓar baƙi alhali kimiyyar sinadarai take karantawa. Ki yi magana, cikin ladabi, ki ce ranka ya daɗe ina so a sa ni a ɗakin gwaji ko da kwana biyu ne a mako. Sau da yawa ba mugunta ba ce, ba wanda ya yi tunanin abin ne. Sannan akwai ɗaya matsalar da ba a son faɗa: ogan da zai riƙe sa hannu a logbuk ya ce sai an same shi bayan an tashi, ko ya fara turo saƙon dare. Kar ki yi shiru ki ce saura wata biyu ne. Ki adana saƙonnin, ki gaya wa na gida, ki kai wa mai kula da SIWES na makaranta. Ana canja wuri, ni shaida ne, kuma sa hannun mutum ɗaya bai isa ya riƙe miki digiri ba.

To mu dawo kan ƙanena da hatiminsa. Za a iya yi? Ana yi mana, kowa ya sani. Akwai shagunan da sana'arsu kenan, ka biya, su buga, in malami zai zo su kira ka a waya ka sheƙo ka sa rigar aiki. Wani ma ya ci A da haka. Amma na zauna a ɗakin kare rahoto na ga yadda ake yi da wasu. Wani ya rubuta cewa ya yi wata shida yana gyaran taransifoma, malami ya ce masa to wane irin mai ake zubawa a ciki, kuma me ya sa? Ya ce man inji. Ɗakin ya yi tsit. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Kuma ko ka tsallake malamai, akwai ranar da za ka zauna gaban mai ɗaukar aiki bayan bautar ƙasa, ya dubi takardarka ya ga ba ka taɓa aiki ko'ina ba sai wannan wata shidan, ya ce ba ni labarin abin da ka yi a can. A duk shekarunka na jami'a, wannan ne kaɗai lokacin da wani wanda ba malaminka ba zai ga yadda kake aiki, ko kana zuwa a kan lokaci, ko ana iya ba ka amanar kayan mutane. Aikin farko da na samu, wani mai kamfanin niƙa ne da ke kawo gyara shagon Baba ya tuna da ni bayan shekara biyu, ya sa aka nemo lambata.

Da na gama yi wa ƙanen nawa wannan dogon bayani a waya, sai ya ce, "To Yaya, sana'ar tawa fa?" Ashe gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, kuma kwamfuta yake karantawa. Na ce to ai kai ka fi kowa sa'a. Yanzu haka muna neman masa wani wuri da ke haɗa intanet a ofisoshi da makarantu, ya yi can da safe, da yamma ya buɗe teburinsa. Sun ce ya dawo ran Litinin da wasiƙarsa. Ko zai tashi da wuri ya je, wannan kuma sai na ba ku labari.

Wanda ya yi IT, ya rubuta mana a ƙasa inda aka ajiye shi da abin da aka sa shi yi, ba sai an kama sunan wuri ba. Masu sayo wa oga abinci, ku fito, na san muna da yawa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.